Yadda Za Ka Yi Ƙaramar Sallah da Iyalinka Ba Tare da Cin Bashi Ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, hidimar Sallah ta zama abin da magidanta da yawa ke kwana da shi a rai tun ba a ga watan azumi ba. A ƙarshen shekarar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin 100, mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne, kuma wannan ma ga mai aikin albashin ke nan. Mai tura baro da mai shago da malamin Islamiyya da bazawarar da ke riƙe da marayu, kowa da yadda abin ya same shi.

Ana cewa Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Yawancin waɗanda na ga bashin Sallah ya kama mutane ne masu hankali da tausayin iyali, kunya ce ta kai su, tsoron kada 'ya'yansu su fita a banbanta su da na maƙwabta. Abin da addini ya ɗora mana a wannan rana kaɗan ne: zakkar fidda kai, da sallar Idi, da sada zumunci, da faranta wa iyali gwargwadon hali. Sauran al'ada ce, kuma al'ada mai daɗi, amma ana iya rage ta a ƙara ta. Ga yadda za a bi abin daki-daki.

Mataki na 1: Fara cire kuɗin bayan Sallah

Wannan aiki a watan Sha'aban ake yin sa. Samu takarda da biro, ka rubuta duk kuɗin da kake da tabbacin za su shigo hannunka daga yau zuwa ranar Idi: albashi, ribar sana'a, kwasar adashi idan ta faɗo kanka. Kada ka sa alkawarin da wani ya yi maka, ko rabon kayan azumin da kake sa ran wani ɗan siyasa zai yi. In ya zo, ƙari ne.

Daga wannan jimilla, abu na farko da za ka cire shi ne abincin gida na watan azumi, sannan abincin mako biyu zuwa uku na bayan Sallah, da kuɗin motar zuwa aiki, da wani abu na magani. A 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa ne cikin Maris da Afrilu, wato dab da komawar yara zango na uku, don haka kuɗin makaranta ma su shiga wannan sahu. Abin da ya rage bayan duk wannan shi ne kuɗin Sallarka, ko da ya yi maka kaɗan a ido.

A ce naira 80,000 suka rage. Ni zan ba tufafin yara da ɗinki kusan rabi, nama da cefane su ci kashi ɗaya cikin uku, ragowar a raba tsakanin barka da Sallah da kuɗin mota, a ɓoye ko da naira 5,000 saboda abin da ba a zata ba. Gidan da yara suka yi yawa zai karkata ga tufafi, gidan da baƙi ke cika shi zai karkata ga tukunya. Ka raba kuɗin a zahiri, kowane kaso da ambulan ɗinsa, domin kuɗin da ke dunƙule a asusun banki ɗaya ba a sanin lokacin da suke zubewa.

Manhajojin ba da rance na waya kuwa, ka nisance su gaba ɗaya. Ruwan da suke ɗorawa riba ce da addini ya haramta, kuma an sha ganin yadda wasunsu ke tura saƙon tozarci ga duk lambobin da ke wayar mutum idan ya makara da biya.

Mataki na 2: Faɗa wa iyali gaskiya tun da wuri

Wannan shi ne matakin da maza suka fi gudu, kuma shi ya fi kowanne amfani. Maigida ya yi shiru har ana saura kwana biyar Sallah, uwargida tana ta lissafin leshi a ranta, yara suna ta faɗa wa abokansu kalar shaddar da za a saya musu, sai ranar da gaskiya ta fito a yi ɓacin rai. Da an yi maganar tun a Sha'aban, da kowa ya gyara tsammaninsa.

Ka zauna da matarka bayan yara sun yi barci, ka ajiye takardar a gabanta. Ka ce, "Maman yara, ga abin da Allah ya hore mana bana. Ki taya ni mu ga yadda zai kai." Mace ta fi ka sanin wane yaro ne takalminsa ya matse shi, wace yarinya ce atamfarta ta bara har yanzu ba ta koɗe ba, da kuma mudun shinkafa nawa ke ƙosar da gidan da baƙinsa. Mai mata fiye da ɗaya ya gaya musu magana iri ɗaya, ya raba daidai, kuma kada wata ta ji labarin rabon a bakin kishiyarta.

Uwargida, ke ma akwai naki. Idan kina da 'yar sana'a ko adashi kuma kin yi niyyar taimakawa, ki faɗi adadin tun yanzu don a sa shi cikin lissafi. Abin da ƙawaye suka fitar na anko kuma, ba dole ne a yi kowanne ba.

Yaran da suka kai shekara goma suna fahimta fiye da yadda muke zato. A ce musu bana kala ɗaya za a ɗinka, a bar kowa ya zaɓi launin da yake so cikin abin da kuɗin zai saya. Yaron da aka ba zaɓi yakan riƙe kayansa da daraja.

Mataki na 3: Ware zakkar fidda kai

Ita ce wajibi, don haka ita ke gaba da shadda. Sa'i ɗaya ake fitar wa kowane mutum da ciyar da shi ke wuyanka, babba da yaro har jariri. Sa'i mudun Annabi 4 ne, kowane mudu kuwa cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum, ba kwanon awo na kasuwa ba. Gida mai mutum 7 zai fitar da mudun Annabi 28 ke nan. Ana fitarwa daga abincin da mutanen gari suka fi ci, gero ko dawa ko masara ko shinkafa, don haka babu laifi ga wanda gero ne cimarsa ya fitar da gero.

Sayi hatsin kafin azumi ya kama, ka ɗaure shi daban. Mutanen Kano da ke iya haɗa kuɗi su uku ko huɗu su sayo buhu a Dawanau su raba, sun fi samun sauƙi a kan awon kwano-kwano a unguwa. Ana bayarwa kafin a tafi masallacin Idi, kuma ya halatta a bayar da kwana ɗaya ko biyu kafin nan, wanda ya fi amfani ga mai karɓa domin ya samu ya kai niƙa. Wanda ba shi da abin da ya wuce abincin yininsa da na iyalinsa, ba ta hau kansa ba, hasali ma shi ya cancanci a ba, kuma babu abin kunya a karɓa.

Mataki na 4: Kayan Sallah

A nan kuɗi suka fi tafiya, a nan kuma dabara ta fi aiki.

Fara da buɗe akwati. Ku fito da kayan kowa ku shimfiɗa, ku ga abin da za a iya farfaɗowa. Sunna ita ce mutum ya sa mafi kyawun tufafin da yake da su, ba a shar'anta sai sabo ba. Shaddar maigida ta bara, in aka wanke aka sa mata sitaci aka kai wa masu bugu, za ta fito tana ƙyalli. Farar da ta dafe ana iya kai ta marina ta dawo shuɗiya ko ruwan ƙasa. Hula a kai wa masu wankin hula tun goman farko, kafin layi ya yi tsawo. Takalmin fata kuma mai gyaran takalma zai ɗinke ya goge da kuɗi kaɗan. Da wannan kaɗai an cire maigida daga jerin masu sabon ɗinki, kuma a shekarar matsi haka ya kamata.

Sai a jera sauran. Ƙananan yara ne farko, domin su ne Sallah ta fi girma a zuciyarsu, kuma su ne ba su san dalili ba. Daga su sai uwargida, sai manyan yara. Jariri ba ya bukatar komai sabo. Rigar yaya da ta yi masa kaɗan, in tela ya rage ta aka goge, ta zama ta ƙane. Amma kada ya zamana kullum ƙaramin ne mai gadon tsofaffi, a haɗa masa da sabuwar hula ko agogon roba don shi ma ya ji an tuna da shi.

Wajen saye, lokaci ya fi iya ciniki tasiri. Kantin Kwari a Sha'aban daban take da Kantin Kwari a goman ƙarshe, lokacin da 'yan sari daga garuruwa da ƙasashen maƙwabta suka cika layuka, mai shago kuma ba shi da lokacin yi maka ragi. Sayi yadi iri ɗaya ga duk yara maza a yanka daga bandir guda, ya fi arha a kan kowa da kalarsa, kuma ragowar ƙyalle ba ya asara. Turmin atamfa yadi 6 ne: yana yi wa ƙananan 'yan mata biyu riga da siket, wani lokaci har da ɗankwali. Akwai atamfa mai sauƙin kuɗi da ba ta zuba. Jiƙa gefen farin hankici ka goga a jikinta, in launi ya fito ka bar ta. Takalman yara da jakunkuna kuwa, gwanjo mai kyau irin na Kasuwar Ƙofar Wambai ya fi sabon roba da zai tsinke tun a yawon Sallah na rana ta biyu. Auna ƙafar kowane yaro da zare ko tsinke ka tafi da shi, don zuwa kasuwa da yara yana ƙara kashe kuɗi.

Sai tela. Kai ɗinki kafin azumi, ko a makon farko in an makara. Duk wanda ya kai a goman ƙarshe zai biya kuɗin gaggawa, kuma yana iya kwana a shagon tela daren Sallah. Zaɓi ɗinki marar aiki, domin surfani da aikin kwamfuta a wuya sukan kai kuɗin yadin kansa. Ku yi ciniki a gama, ka ba da rabi, sauran sai an karɓi kaya, kuma ka sa ranar karɓa ta zama aƙalla kwana goma kafin Sallah don a samu damar gyara. Ka roƙi tela ya bar ɗan sarari a ƙafar wando da hannun riga, yadda kayan za su kai Babbar Sallah har su wuce.

Kitso da lalle a yi su a gida. A kowane dangi akwai mai hannun kitso, kuma garin lalle ba shi da tsada. 'Yan mata su taru a gida ɗaya ana saura kwana biyu, wannan ta yi wa waccan, ana hira ana dariya. Yara da yawa wannan zaman suka fi tunawa a kan kayan da suka sa.

Saurayi mai neman aure, kai ma ka yi toshi daidai ƙarfinka. Gidan da zai raina turmi ɗaya da turare ya nuna maka abin da ke gaba.

Mataki na 5: Nama da tuwon Sallah

Kaji sun fi tsada a jajiberi, kowa ya san haka, amma kowace shekara sai mun cika kasuwa a ranar. Wanda ke da ɗan fili a gida ya sayi kajin gidan gona ko zakaru ana saura mako biyu ko uku Sallah, yara su riƙa ba su dusa da ragowar abinci.

Hanya mafi sauƙi ta samun nama mai yawa ita ce watanda. Mutanen unguwa ko abokan aiki su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka a raba kashi-kashi. Tana da arha saboda an tsallake ribar mai sayarwa a tebur, amma tana da sharuɗɗa in ana so a rabu lafiya. A damƙa kuɗin ga mutum biyu amintattu, kada a bar su a hannun mutum ɗaya. A rufe karɓar kuɗi tun tsakiyar azumi don a sayi dabbar kafin ta hau. A tafi kara da wanda ya san dabba. A yi magana tun farko a kan kai da ƙafa da kayan ciki da fata: wa zai ɗauka, ko sayarwa za a yi a biya mahauci. In ana da sikeli a auna, ya fi raba da ido. Wanda kashi ɗaya ya fi ƙarfinsa ya nemi wani su raba shi biyu.

Da yake Sallar tana zuwa cikin zafin bazara, wuta kuma ba ta da tabbas, kada a dogara da firji. A tafasa naman da gishiri da kayan ƙamshi a ranar da aka yanka, a soya shi ya bushe sosai, a ajiye a kwando mai shan iska. Romon tafasar shi ne zai ɗauki miya, ƙashi da kayan ciki su shiga miyar ranar farko, soyayyen kuma a riƙa fitar da shi kaɗan-kaɗan.

Abinci kala ɗaya mai kyau ya isa. Tuwon shinkafa da miyar taushe shi ne tuwon Sallarmu tun kaka da kakanni, kuma kabewa da alayyafo da gyaɗa sun fi tumatirin miyar dage-dage sauƙi. Waina ma tana da auki: shinkafar tuwo mudu ɗaya tana cika kwanuka da dama, sai dai tana shan mai da itace. Kayan da ba sa lalacewa, irin su mai, fulawa, sukari, busasshen tattasai, daddawa da zoɓo, a saye su kafin azumi ko a farkonsa, a kasuwar Singa ta Kano ko duk inda ake sari a garinku. Kayan gwari kaɗai za a bari sai ana saura kwana biyu.

Lemon kwalba a bar shi bana. Zoɓo da citta da kanumfari, ko kunun aya, ko lamurje, bokiti guda yana shayar da gida da baƙi a kuɗin da bai kai na katan ɗaya ba. Kunun aya dai ba ya jure zafi, a yi shi da safe a shanye a ranar. Cincin kuwa, matan gida biyu ko uku su haɗa fulawa da mai su soya a kasko ɗaya su raba, an rage mai an rage gawayi.

Rabon tuwo ga maƙwabta kada a fasa shi, shi ne daɗin unguwa a ranar. A rage girman kwano, a fara da gidan da aka san ba su ɗora tukunya ba. Abincin da ya shigo daga wasu gidaje kuma ya zama na rana da na dare, ba sai an sake girki ba.

Mataki na 6: Barka da Sallah da zumunci

Tun a azumi ka riƙa tara canji, 'yan naira 50 da 100 da 200, duk wanda ya shigo hannunka mai tsabta ka ajiye. Kada ka sayi sababbin kuɗi a hannun masu sayarwa a bakin titi: asara ce a fili, kuma dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana cinikin takardar naira. Cire abin da kake bukata da wuri, domin masu POS sukan ƙara caji a jajiberi. Ƙayyade abin da za ka raba a kowace rana, in ya ƙare ya ƙare, sauran yara a ba su alawa da cincin da fuska a sake.

Iyaye da surukai su ne kan gaba a gaisuwa. In bara ka kai turmi bana babu hali, ka kai goro da kwanon tuwo da ɗan nama, ka durƙusa ka ce, "Inna, bana hali bai kai ba, a yi mana addu'a." Iyaye sun ga shekaru masu wuya kafin mu, kuma rashin zuwan ne ke ɓata musu rai.

A tsara ziyara unguwa-unguwa don kuɗin A Daidaita Sahu kada ya ninka. Dangin da ke da babban gida su sa rana ɗaya kowa ya hallara can, kowane gida ya zo da kwano, an ga juna gaba ɗaya da kuɗin mota ɗaya. Masu tafiya ƙauye su tafi da kwana uku ko huɗu kafin Sallah, ko su bari sai rana ta uku, saboda kuɗin mota ya fi hawa a jajiberi. In kuɗin kai iyali duka babu, mutum ɗaya ya je da saƙon kowa, sauran a gaisa ta waya.

Mataki na 7: Ranar Idi

Da Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da ganin watan Shawwal, a goge kaya a jera na kowa tun da dare. Da safe a yi wanka, a sa turare, a ci dabino ko wani abu kafin a fita, domin sunna ce a Ƙaramar Sallah a karya kafin a tafi masallaci. In filin Idi ba nisa, ku taka da ƙafa kai da yara kuna kabbara, ku dawo ta wata hanyar daban. Duk wannan ba ya cin ko kwabo, kuma shi ne ainihin ranar.

Kallon hawa kyauta ne. A Kano akwai Hawan Sallah da Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, bikin da hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024. Katsina da Zazzau da Daura da sauran masarautu kowacce da nata. A saurari sanarwar fada da ta hukuma kafin a fita, domin akwai shekarun da ake dakatar da hawan. A tafi da ruwa da cincin daga gida. Gidan zu da wuraren wasa masu kuɗin shiga a bar su sai cunkoso ya ragu, in akwai rara.

Yara masu yawon Sallah su fita rukuni tare da babba, a rubuta lambar wayar uba a takarda a sa a aljihun ƙananan, a kuma ce musu kafin magariba kowa ya dawo. Kuɗin da suka samo nasu ne. A ƙirga a gabansu, a bar musu wani abu su kashe, sauran a sa a asusu da sunan kowa. In matsi ya sa aka taɓa, a gaya wa yaron, a kuma mayar masa.

Mataki na 8: Bayan an sauko

A mako na biyu na Shawwal, ɗauko takardar nan ta Sha'aban ka rubuta abin da aka kashe a gefen abin da aka tsara, ka ga inda ya zarce. Kayan Sallar yara a wanke a ninke a ɓoye, kada su zama na zuwa Islamiyya, domin Babbar Sallah ranar 10 ga Zulhijja ce, wata biyu da kwana goma ke nan kacal bayan Ƙaramar Sallah. Layya sunna ce ga mai hali. Wanda ke da niyyar yi ya fara zubin mako-mako tun yanzu, ko ya sayi ɗan rago a kasuwar ƙauye cikin Shawwal ya yi kiwonsa a gida, tun dillalai ba su fara kai su birni ba.